Hayatu Bai Gama Nazari Ba

Duk wanda ya saba bi ta bakin tashar Gummi da hantsi ya san Hayatu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai farin gilashi da ke zama a bencin shagon cajin waya, da baƙar jakar laftof a kan cinya, yana yi wa mutane bayanin abin da ba su tambaye shi ba. 'Yan kabu-kabu suna ce masa Injiniya. Ba ya amsawa a kiran farko, don kada a ɗauka ba shi da abin yi.

Ɗan Malam Dalhatu ne, manomin albasa da shinkafa a fadama, kuma shi ne autan Inna Zulai. Tun yana firamare aka gane Allah ya ba shi kai mai riƙo. Abu in ya gani a allo, ya zauna ke nan. Haka ya yi ta ɗaukar na ɗaya har ya gama sakandare, aka ɗauke masa zuwa gona, aka ɗauke masa ɗebo ruwa, saboda kowa a gidan ya yarda wannan hannun ba na fartanya ba ne. Shi ma ya yarda, ya ma fi kowa yarda.

Da ya shiga jami'a, ilimin kwamfuta ya karanta. Can ma bai sauka daga sama ba. Takardun da malamai ke rabawa yakan haddace su tas, ranar jarrabawa ya mayar musu da kayansu kamar yadda suka ba shi, har da kurakuran buga rubutu. Malamai kuwa ba abin da suke so kamar su ga maganarsu ta dawo musu ba ta yi ƙwarzane ba. A can ya yar da harshen gida, ya koma magana irin ta masu karanta labarai. Inna takan ce, “Tun da yaron ga yat tahi makaranta shina magana kamar rediyo.”

Abokin ɗakinsa wani gajere ne marar surutu, Abdulrashid, mutumin Zugu ta ƙasar Bukkuyum. Shi sakamakonsa tsaka-tsaki ne, kullum yana duƙe kan wata tsohuwar laftof da ya ɗaure murfinta da roba, yana rubuta manhaja tana ƙin aiki, yana gyarawa tana sake ƙi. A shekarar ƙarshe aka haɗa su aiki ɗaya. Abdulrashid ya rubuta manhajar, Hayatu ya sa kwat ya tsaya gaban malamai ya yi bayaninta da Turanci mai santsi. Aka tafa wa Hayatu. Bai ga wani rashin adalci a ciki ba. A ganinsa kowane aiki akwai mai kai, akwai mai hannu.

Bayan bautar ƙasa ya dawo Gummi da daminar shekarar 2021, da laftof sabuwa fil wadda mijin yayarsa ya saya masa. Bai daɗe da dawowa ba kira biyu suka same shi kusan a jere.

Na farko daga Dakta Faruku ne, malaminsa na jami'a. Ya ce ya dawo ya yi digiri na biyu a ƙarƙashinsa, akwai gurbin ƙaramin malami da za a buɗe, yana so ya riƙe masa. Na biyu Abdulrashid ne. Ashe shi tun yana bautar ƙasa ya maƙale wa wani kamfani a Abuja mai yin manhajar biyan kuɗi ta waya, har sun ɗauke shi. Yanzu suna neman ƙarin mutum, shi kuma ya ba da sunan Hayatu, ya ce musu shi ne ya fi kowa a ajinsu.

Wani da zai samu ko ɗaya daga cikin biyun nan, sai ya yi sujada ya ɗaure jaka. Hayatu kuwa sai ya gano wani daɗi da bai taɓa ɗanɗana ba, daɗin a ce ana nemanka gida biyu. Ya gaya wa Dakta cewa wani kamfani ya matsa masa lamba, amma zai duba. Ya gaya wa Abdulrashid cewa jami'a ba ta son rabuwa da shi, amma zai duba. Sa'annan ya sa gilashinsa ya nufi majalisa.

Majalisar nan ta bakin tasha ita ta fi kowa shan wahalar shawarar. Da la'asar in an hallara, sai Hayatu ya gyara zama ya ce, “Aikin kamfani ai bauta ce da aka sa wa takalmi. Yau kai ne gwani, gobe wani yaro ya fito da sabon salo, a ce maka an gode. Amma Dakta fa, Dakta ne har a kai shi makwanci.”

Wani ya ce, “To ai shi ke nan, Injiniya, koma makaranta.”

Sai ya yi murmushin tausayi. “Makaranta? Ka san abin da kake faɗa kuwa? Mutum ya yi furfura yana koyar da abin da duniya ta daɗe da zubarwa, yau yajin aiki gobe yajin aiki. Dakta Faruku da kake ji, mai ɗaukar masa jaka yake nema, da mai duba masa takardun ɗalibai.”

“To kamfanin dai.”

“Su Abdulrashid? Leburori ne na kwamfuta. A ce musu gina nan, su gina.”

Ta kowane ɓangare aka ɓullo masa, shi ne mai gaskiya, kuma duk wanda ya riga ya zaɓi wani abu a rayuwa, wawa ne. A gida Inna ta tambaye shi rannan yana cin tuwo.

“To wai wanne za ka yi, Hayatu? Mutane na ta tambaya ta, ban san mi zan ce musu ba.”

“Ki ce musu ana nazari, Inna. Ba sayen akuya ba ne.”

Ta ce, “Awo. Ko akuyar dai in ka daɗe kana taya ta, wani na ka jan ta.”

Malam Dalhatu yana gefe yana ji. Ya dube shi, ya dubi hannuwan nan masu laushi, ya ɗauki fartanyarsa ya fita.

Ana cikin haka aka ɗauke sabis ɗin waya a jihar baki ɗaya saboda 'yan bindiga. Gari ya rikice. 'Yan kasuwa suka rasa yadda za su ji farashi, masu 'yan'uwa a ƙauyuka suka rasa yadda za su san ko suna raye, mutane suna shiga mota su ƙetare iyakar jiha don kawai su yi kira ɗaya su dawo. Mutum ɗaya ne a Gummi abin ya yi wa daɗi, ko da yake ya fi kowa ƙorafi. Yanzu ba Dakta, ba Abdulrashid, ba mai cewa ya aka ciki. Yakan ɗaga wayarsa sama a majalisa ya ce, “Kun gani? Haka ƙasar nan take kashe masu basira.”

Sai ga Abdulrashid da ƙafarsa.

An kai hari Zugu, ya taso daga Abuja ba tare da ya san ko mahaifiyarsa na da rai ba. Ya same ta lafiya, ya kwaso ta da ƙannensa ya ajiye su wurin dangi a cikin garin Bukkuyum. Maimakon ya juya, sai ya ƙaro gaba zuwa Gummi a kan hanyar da kowa ke addu'a kafin ya hau. Ya yi sallama a ƙofar gidan Malam Dalhatu, idanunsa jajur don rashin barci.

Ya ce, “Na roƙe su sun ɗaga maka ƙafa. Sati mai zuwa za su gan ka. Ɗauko jakarka mu tahi tare, in ba haka ba wani za su ɗauka.”

Hayatu ya fara cewa ai lamarin yana buƙatar natsuwa. Inna da ke bayan zana tana ji, ba ta bari ya kai ƙarshe ba. Ta shiga ɗakinsa da kanta ta tusa tufafinsa a jaka, ta ɗaura masa ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa a leda. Washegari da safe rabin majalisa suka rako shi tasha. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu, yana cewa ba zai manta da gida ba.

Motar ƙarama ce, an cusa su a baya kamar buhunan albasa. Ba mai magana sai direba da ke ta salati duk inda daji ya yi duhu. Da suka wuce mahaɗar Bukkuyum hankali ya ɗan kwanta, sai Abdulrashid ya ciro wayarsa ya buɗe wani abu da ya adana, ya miƙa masa.

“Ga irin abin da suke tambaya. Ba sa cewa ka kawo ma'anar kaza. Matsala za su ba ka, su zauna suna kallonka, ka rubuta manhajar nan take. In ta yi aiki ta yi, in ba ta yi ba ka gyara suna gani.”

Hayatu ya karɓa ya gyara gilashi. Tambayar gajeriya ce. Babu kalma ɗaya a cikinta da bai san ma'anarta ba. Da za a ce ya kawo bayanin kowacce, da ya cika shafi har da sunan wanda ya ƙirƙiro ta. Amma inda zai ɗora yatsansa na farko, nan ne bai gani ba. Ya karanta ya sake karantawa. Ya hango kansa a wani ɗaki mai sanyi, baƙi sun zuba masa ido, allon kwamfuta fari fat, ba takardar malami da zai mayar wa kowa.

Abdulrashid ya lura. Ya rage murya don kada sauran fasinjoji su ji.

“Kar ka damu. Ni ma haka na fara. Ka sauka wurina, kafin ranar in nuna maka. Kai da ƙwaƙwalwarka ke ja, ba za ka sha wuya ba.”

Da zagi ya yi masa da ya fi sauƙi. Abdulrashid, mai laftof ɗaure da roba, wanda bai taɓa shiga goman farko ba, shi ne zai zaunar da Hayatu ya nuna masa! Hayatu ya mayar masa da wayar ya ce, “Wannan ai wasan yara ne.”

Da suka iso Anka direba ya tsaya sauke wata mata. Hayatu ya buɗe ƙofa ya fita, ya zagaya ya ce a ba shi jakarsa.

Abdulrashid ya leƙo ta taga. “Ina za ka?”

“Yayata tana nan garin. Bai dace in yanke babbar shawara irin wannan ban ji ta bakin mijinta ba. Ka yi gaba, ina nan tafe.”

“Hayatu, don Allah shigo mota.”

“Na ce ina tafe.”

Direba ya yi tsaki ya ja mota. Abdulrashid bai daina waiwaye ba har suka sha kwana.

Yayar tasa, Safara'u, tana auren wani Bakatsine mai suna Lauwali, wanda harkar zinariya ta kawo shi Anka ya zauna. Shi ne ya sayi laftof ɗin, kuma yana ganin Hayatu kamar wani waliyyin boko. Ya sa aka yanka kaza, ya riƙa kiran abokan harkarsa yana nuna musu shi: “Ƙanen maiɗakina ke nan. Abuja da jami'a rigima suke yi a kansa.” Hayatu ya miƙe ƙafa a kan darduma, ya buɗe sabuwar majalisa. Shawarar da ya ce ya zo nema kuwa, ko sau ɗaya bai tayar da zancenta ba.

Safara'u ce ta goye shi yana jinjiri, ba ta da abin da za ta ji nauyi. Rannan ta kawo masa fura, ta ajiye, ta tsaya a kansa.

“Ranar da anka sa maka ta wuce ko ba ta wuce ba?”

“Yaya, ba za ki gane ba. Lamarin yana da fuskoki da yawa.”

“Fuska guda gare shi. Tsoro kaka ji. Kai dai ka fi son a ce da ka tahi da ka fi kowa, da ka tahi a ga iyakarka.”

Ya ajiye ludayi, ya ce ba a taɓa yi masa cin fuska irin wannan ba, kuma matsalar mutanenmu ke nan, ba sa girmama ilimi. Ta ce ya sha furarsa kar ta tsinke. Ya shanye, har da ƙari.

Da sabis ya dawo, saƙonni suka yi ta faɗowa wayarsa. Na Abdulrashid gajere ne: sun jira, sun ɗauki wani, Allah ya sa haka ya fi alheri. Hayatu ya koma Gummi ya shelanta cewa ya yi watsi da tayin kamfani bayan dogon nazari, domin shi mutumin ilimi ne, ba ɗan kwangila ba. Inna ta karɓi jakar da ta ɗaure da hannunta, ta mayar ɗaki, ba ta ce masa sannu da zuwa ba.

Ya goge kwat ɗinsa ya tafi jami'a. A ofishin Dakta Faruku ya tarar da wata 'yar ajinsu, Saudatu, zaune a ƙaramin tebur da tarin takardun ɗalibai a gabanta. Ita ce wadda yakan yi wa dariya saboda yawan tambaya a aji. Dakta ya ɗago ya dube shi ta saman gilashi.

“A'a, Hayatu. Kana nan da rai?”

“Ranka ya daɗe, matsalar sabis ce ta—”

“Ita wannan 'yar Anka ce, can ma ba sabis. Da ta ji shiru, mota ta shiga ta zo.” Ya nuna masa kujera. Gaskiyar Hayatu ɗaya, Dakta mai duba takardu yake nema, kuma ya samu. Amma bai kore shi ba. Ya ce, “Gurbin ya tafi. Karatun kuwa ƙofa a buɗe take, ka nema baɗi kamar kowa. Sai dai ka zo min da abin da kake so ka bincika. Wace matsala ce take damunka a fannin nan, wadda kake jin ba a warware ta ba?”

Hayatu ya yi gyaran murya ya fara kawo ma'anar bincike da rabe-rabensa, kamar yadda Dakta ya koyar da su a aji uku, kalma bayan kalma. Dakta ya saurara har ya ji ya ishe shi, ya ɗaga hannu.

“Wannan nawa ne. Naka nake tambaya.”

Saudatu ta ci gaba da duba takardunta. Hayatu ya ce zai je ya tsara tunaninsa ya dawo. A hanyar tasha abin da ya fi ci masa rai ba tambayar ba ce, kalmar nan ce ta “kamar kowa”.

Bai nema ba. Kafin baɗin ta zagayo malaman jami'a suka tafi dogon yajin aiki, ya samu abin faɗa na shekara guda: “Da na shiga, da yanzu ina zaune a gida.” Yana faɗin haka ne a zaune a gida. Da aka janye yajin, sai ya ce shi yanzu ƙasar waje yake hange, don karatun gida ɓata lokaci ne. Da aka kwana biyu ba a ga jirgi ya zo ɗaukarsa ba, sai ga zancen ƙirƙirarriyar basira ya cika duniya, ya rungume shi hannu biyu. Yanzu na'ura ce za ta riƙa rubuta manhaja, in ji shi, su Abdulrashid sun kusa dawowa gida, malaman jami'a ma nasu ya ƙare. Wanda ya tsaya ya karanci inda iska ta dosa shi ne mai wayo.

Abdulrashid dai bai dawo gida ba, sai ma ya ɗauke mahaifiyarsa zuwa can. Saudatu ta gama digiri na biyu tana koyarwa. Malam Dalhatu ya tsufa, yayyen Hayatu suka karɓi fadama, kuma daga rumbunsu ake auna masa. Shi kuma mai shagon cajin waya ya ba shi gefen benci da soket ɗaya. Nan yake yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, yana tura wa 'yan kabu-kabu finafinai a waya. Yana kiran wannan aikin wucin gadi. Inna ta daina tambaya; in wani ya tambaye ta sai ta ce, “Shina nan lahiya,” ta kawo wani zance.

Bara da rani wani maƙwabcinsu ya turo masa 'yarsa, Fatiha, wadda ta gama karatun kwamfuta, wai ta nemi shawarar manya. Ta zo da hijabinta ta gaishe shi, ta tsaya daga gefe. Hayatu ya ji kamar an yi masa naɗin sarauta. Ya sa aka ba ta kujera, ya cire gilashi ya goge, ya shiga zuba. Ya kwance wa kamfani zane a kasuwa, ya juya ya kwance wa jami'a. Ya gargaɗe ta da gaggawa, ya ce yawancin waɗanda suka lalace a fannin nan saurin yanke hukunci ne ya kai su. Ta saurara da ladabi har rana ta karkata inuwar shagon ta bar ƙafafunta.

Da ya tsaya shan ruwa ta ce, “Na gode, Yaya Hayatu. Ni dai na riga na yanke. Aiki zan fara, in ga abin da ban iya ba, in ya so daga baya in koma karatu na san abin da zan nema. Baba ya ce kai abokin Abdulrashid na Zugu ne. Lambarsa nake so.”

Hayatu ya ajiye ruwan. Ya yi tari, ya ce, “Abdulrashid? Ai yarona ne. Tare muka yi aikin ƙarshe, ni na tsaya masa.” Ya daɗe yana latsa waya kamar lambar ta ɓace, sa'annan ya karanto mata.

Nan take ta kira, a gabansa. Abdulrashid ya ɗauka, suka gaisa, ta yi masa bayanin kanta. Da ya ji a inda take, ya ce ta ba Hayatu. Muryarsa ba ta canja ba, ba gori a cikinta ko kaɗan. Ya tambayi Inna da jikin Malam, sa'annan ya ce kamfaninsu na horar da sababbi daga tushe, ba ruwansu da shekaru, in Hayatu yana so zai sa sunansa tare da na yarinyar.

'Yan kabu-kabu biyu da ke jiran caji suka kasa kunne. Hayatu ya janye wayar daga kunnensa ya dube ta, ya mayar, ya ɗaga murya.

“Hello? Hello? Ba na jin ka, sabis ɗin garin nan sai a hankali.” Ya miƙa wa Fatiha wayarta.

Bayan ƙaramar salla Fatiha ta tafi Abuja, ta sauka wurin ƙanwar babanta, ta shiga horon, aka ɗauke ta. Labari ya iso Gummi, kafin magariba Hayatu ya gama sanar da majalisa cewa shi ya tsara mata hanya, shi ya haɗa ta da mutanensa na can. Uban yarinyar, bawan Allah, ya aiko masa da zabi biyu da kwandon albasa don godiya. Hayatu ya karɓa, ya ce ba komai, ai jagorancin matasa nauyi ne da ke kan masu ilimi, ya sa aka kai wa Inna ta soya masa.